Al-Wahda ta koma Yelo, rukuni na biyu na gasar ƙwallon Saudiyya: me mai goyon baya zai sa wa rai a kakar 2025/26?

"Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Makka ne, a Sharamansur nake zaune, kuma tun ina yaro Al-Wahda nake goyon baya. Bara har da Ighalo a gaba amma muka faɗo. Yanzu majalisarmu ta rabu biyu. Wasu na cewa kaka ɗaya za mu yi a Yelo mu koma, kamar yadda Al-Ahli ta yi. Wasu kuma na cewa an gama da mu, kowa ya nemi ƙungiyar da zai koma. Don Allah Malam, tunda ka san harkar, me ya kamata mu sa wa rai a wannan kakar, kuma ta yaya zan gane tun da wuri ko ƙungiyar ta kama hanya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu biyu ka tambaya: inda ya dace ku ajiye burinku, da alamomin da za su nuna muku ko ana tafiya can ko ba a tafiya. Ra'ayina shi ne ku sa rai da gamawa cikin shida na saman tebur. Wannan haƙƙinku ne ku nema, kuna iya ɗaga murya idan aka kasa. Hawa kai tsaye, wato zuwa na ɗaya ko na biyu, ku ɗauke shi ƙari in ya samu. Hukunci kuwa kada ka yanke shi sai an buga wasa goma. Ɓangarorin majalisarku duka biyun sun wuce gona da iri, sai dai masu kawo misalin Al-Ahli sun fi ba ni tsoro, domin su ne za su fara neman a kori koci tun a mako na uku.

Hawa da sauka ba baƙon abu ba ne a gidan nan. Al-Wahda ce ta fara ɗaukar Kofin Sarki a 1957, ta sake ɗauka a 1966, amma bar wannan, dubi 'yan shekarun nan kawai. Ta hau babbar gasa a 2018. A kakar 2019/20 ta gama ta huɗu, bayan Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Ahli. Kakar da ta biyo baya ta faɗo. Ta koma a 2022, a watan Mayun 2023 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Sarki a Jidda, tana gaba da ci ɗaya har Ali Al-Bulaihi ya farke wa Al-Hilal a mintunan da alƙali ya ƙara, aka je fenariti aka rasa kofin da ci 7 da 6. Sai ga shi a 2025 ta gama ta 16 ta sake faɗowa. Ƙungiyar da za ta zo ta huɗu bana ta nitse baɗi, ƙarfinta ba a cikin tsari yake ba, yana wuyan 'yan wasan waje ukun ko huɗun da aka saya a shekarar ne. In an dace da su a yi dariya, in ba a dace ba a yi kuka. Zuwan Ighalo ma ka sa shi a wannan ma'auni: ɗan gaba ɗaya, komai sunansa, ba ya hana a zura wa ƙungiyarsa ƙwallo.

Lissafin gasar

Yelo ƙungiyoyi 18 ce, kowa zai buga wasa 34, 17 a gida 17 a waje. Ta ɗaya da ta biyu suna hawa kai tsaye. Daga ta uku zuwa ta shida sai sun buga wasannin cike gurbi: ta uku da ta shida, ta huɗu da ta biyar, waɗanda suka ci su haɗu, ɗaya ta hau. Uku na ƙasan tebur kuma suna ƙara gangarawa, don haka ƙarƙashin Yelo ma akwai rami.

Ga abin da ya faru da waɗanda suka riga ku faɗowa. A 2021 Al-Wahda da Al-Qadsiah da Al-Ain ne suka sauko, Al-Wahda kaɗai ta koma a shekarar da ta biyo. Al-Qadsiah sai da ta yi kaka uku a ƙasa. A 2022 Al-Ahli da Al-Hazm da Al-Faisali suka sauko, biyun farko suka koma, amma ka tuna a 2023 gurbi huɗu aka bayar saboda an faɗaɗa babbar gasa, wato Roshn, daga ƙungiyoyi 16 zuwa 18. Al-Faisali, wadda ta ɗauki Kofin Sarki a 2021, tana Yelo a wannan kakar, za ku haɗu da ita. A 2023 Al-Adala da Al-Batin suka sauko, babu wadda ta koma. A 2024 Abha da Al-Ta'i da Al-Hazm, Al-Hazm kaɗai ta koma, ita ma ta hanyar cike gurbi. Ƙirga ka gani: faɗuwa goma sha ɗaya, komawa nan take huɗu. Kashi ɗaya cikin uku da 'yan kai ke nan.

Bana kuma layin ya ƙara tsawo. Al-Uruba da Al-Ra'id tare kuka sauko, kowa burinsa irin naku ne. Daga ƙasa Al-Ula da Al-Dir'iyya sun hau, kuma ba a matsayin ƙananan baƙi suka zo ba. A watan Yunin 2023, lokacin da asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, PIF, ya karɓi kashi 75 cikin ɗari na Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Ittihad da Al-Ahli, an kuma miƙa ƙungiyoyi huɗu ga manyan hukumomi da kamfanoni: Al-Qadsiah ga Aramco, Al-Sukur ga Neom, Al-Ula ga hukumar raya Al-Ula, Al-Dir'iyya ga hukumar raya Dir'iyya. Al-Qadsiah ta lashe Yelo a 2024, Al-Sukur, wadda aka sauya wa suna zuwa Neom, ta lashe a 2025. Biyun da suka rage yanzu suna tebur ɗaya da ku, gurbin hawa kai tsaye kuma biyu ne. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na ce shida na sama ne burin da hankali zai ɗauka.

Da maki kuwa, zakarun kakanni ukun da suka wuce duk sun haura 70. Ma'aunin da nake aiki da shi shi ne maki biyu a kowane wasa, wato 68, ga mai son hawa kai tsaye. Hakan na nufin nasara 20, canjaras 8, rashin nasara 6. In ka raba shi, a gida ana buƙatar kamar nasara 12 da canjaras 3, a sha kashi sau 2, maki 39 ke nan. A waje nasara 8 da canjaras 5, a sha kashi sau 4, maki 29. Shiga cike gurbi kuma, a ƙiyasina, yana neman tsakanin 55 da 58.

Maganar Al-Ahli

Masu kawo wannan misali suna haɗa labari biyu su mai da shi ɗaya. Gaskiya ne Al-Ahli ta faɗo a 2022, karon farko a tarihinta, ta lashe Yelo a 2023, ta gama ta uku a Roshn a 2024, sannan a watan Mayun 2025 ta doke Kawasaki ta Japan da ci 2 da nema a Jidda ta ɗauki kofin zakarun Asiya. Amma daga ta uku zuwa kofin Asiya, wannan labarin kuɗin PIF ne, da su Mahrez da Firmino da Mendy da Kessie. Ɓangaren da ya shafe ku shi ne kakar Yelo, kuma ba ta zo musu da sauƙi ba. Sun fara da tangal-tangal, har sai da aka ɗauko koci Pitso Mosimane na Afirka ta Kudu a watan Satumba, bayan an riga an fara gasar. Ga ɗimbin magoya baya, ga albashin da babu mai iya biyansa a rukunin a lokacin, ga gurbi huɗu, duk da haka sai da suka yi gumi. Idan misali kuke nema, naku na 2022 ya fi kusa da ku: kun koma ne a matsayi na uku, lokacin da na uku ke hawa kai tsaye. Bana wannan matsayin cike gurbi zai kai ku.

Abin da ke kayar da ƙungiyar da ta sauko

Mutane suna ɗauka tunda an sauko ƙaramin rukuni, abokan hamayya sun yi rauni, to wasa zai yi sauƙi. Wasan ba sauƙi yake yi ba, canza kama yake yi gaba ɗaya, kuma a nan ne ƙungiyoyin da suka sauko suke zubar da maki a watanni biyun farko.

A Roshn, ƙungiya irin Al-Wahda mafi yawan makonni ita ce ƙarama. Tana ja da baya, ta bar wa Al-Hilal ko Al-Ittihad ƙwallo, ta jira su yi kuskure, sannan ta kai harin ba-zata da mutum biyu ko uku masu gudu. 'Yan wasan da ake saya don wannan aiki su ne 'yan baya masu jiki da tsawo, waɗanda suka iya tsayuwa a bakin da'irar gola suna kore ƙwallo da ka, da 'yan gefe masu gudu a fili buɗaɗɗe. A Yelo kuwa ku ne babba. Ƙungiyar da za ta zo filinku na Shara'i maki ɗaya ya ishe ta, za ta jera mutum tara ko goma a bayan ƙwallo ta ce ku zo. Ɗan gefen da ya saba samun mita talatin a gabansa yanzu mita uku zai samu, da mutum biyu a kansa. Kamar direban da ya saba da titin Makka zuwa Jidda ne ka jefa shi lungunan Misfala: motar ita ce, amma gudun bai da amfani.

Haɗarin da ya fi girma yana baya. Tunda ƙwallo na hannunku, 'yan bayanku za su matso har tsakiyar fili, su bar mita arba'in tsakaninsu da gola. Ɗan bayan da ya yi suna da kore ƙwallo da ka, in ba shi da gudu, ƙwallo ɗaya za a jefa bayansa a wuce shi. Shi ya sa za ka ga wasan da ƙungiyarku ta riƙe ƙwallo kashi 65 cikin ɗari, ta buga kwana goma, aka tashi an ci ta ɗaya da nema, majalisa ta ce rashin sa'a ne ko alƙali. In hakan ya faru sau ɗaya, sa'a ce. In ya faru sau uku cikin wasa shida, ginin ƙungiyar ne bai dace da rukunin ba.

Don haka idan ana sanar da sababbin 'yan wasa, kada ka tambayi daga wace babbar ƙungiya mutum ya fito, tambayi wane aiki zai yi. Ayyuka biyar nake nema a jerin sunayen. Ɗan baya ɗaya aƙalla mai gudu, wanda zai iya juyawa ya kamo ɗan gaba. Ɗan tsakiya mai zama a gaban 'yan baya, wanda ba ya bin ƙwallo zuwa gaba ko da ana neman ci. Ɗan gefe mai iya yanke mutum a matsattsen wuri. Ɗan gaba mai ka, domin a kan ƙungiyar da ta toshe tsakiya dole ƙwallo ta riƙa zuwa daga gefe. Sai mai bugun kwana da bugun tazara wanda ƙwallonsa ke sauka wuri ɗaya kullum. Na ƙarshen nan shi ake rainawa, alhali wasannin da aka kulle sau da yawa da kwana ake buɗe su. Ɗan wasan da ya taɓa hawa da wata ƙungiya daga Yelo, ko da shekarunsa sun kai 31, ya fi mini tauraron da bai taɓa buga wasa a Hafar Al-Batin cikin sanyin Janairu ba. Da tsohuwar zuma ake magani a wannan rukunin.

Tafiye-tafiyen ma ka sa su a lissafi. Makka ba ta da filin jirgin sama, kowace tafiya mai nisa sai an fara fita Jidda ko Ɗa'ifa. Sakaka ta haura kilomita dubu daga nan. Abha tana kan dutse, sama da mita dubu biyu, ɗan wasan da ya taso daga Makka numfashinsa zai gaya masa tun kafin hutun rabin lokaci. Ga Ha'il, ga Buraida, ga Ahsa a gabas. Canjaras a irin waɗannan filaye ba abin kunya ba ne, shi ya sa na sa biyar a lissafin waje.

Abin da za ka duba kafin a take wasan farko

Fara da takarda, ba fili ba. Ƙungiya ba ta yi wa sabon ɗan wasa rajista sai ta samu shahadar kafa'a maliyya, wadda ke nuna ta biya abin da ake bin ta na albashi da haƙƙoƙi zuwa lokacin da aka ƙayyade. Haka kuma FIFA na iya hana kowace ƙungiya rajista idan wani tsohon ɗan wasa ko koci ya kai ƙara ya yi nasara ba a biya shi ba. Hoton ɗan wasa riƙe da jar riga a shafin X ba rajista ba ne. Wannan ya fi damun ƙungiyoyin da suka sauko, domin kuɗin shiga ya ragu amma kwantiragin da aka sa wa hannu da farashin Roshn yana nan. Ga shi kuma adadin 'yan wasan waje da aka yarda da shi a Yelo bai kai goma na Roshn ba, dole a sallami wasu, sallamar mai kwantiragi kuwa kuɗi ce.

Na biyu, ɗauki sunayen mutum goma sha ɗayan da suka fi buga wasa bara, ka ƙirga nawa suka rage. In shida ko bakwai suna nan, musamman gola da ɗan baya ɗaya da ɗan tsakiya ɗaya, akwai abin ɗora gini a kai. In uku ne ko ƙasa da haka, sabuwar ƙungiya ce da tsohon suna, ka ba ta wasa shida zuwa takwas kafin su san gudun juna. Na san wasunku za su ce waɗanda suka kayar da mu ai gara su tafi duka. Ba haka ba ne. Wanda bai isa Roshn ba yana iya zama cikin mafi kyau a Yelo, kuma ya san gari, ya san zafin, ba sai an nema masa gida ba. Maganar gida ma ba ƙarama ba ce a Makka, tunda ɗan wasan da ba Musulmi ba ba zai zauna cikin haddin harami ba, sai a wajensa ko a Jidda, kullum yana kan hanya.

Na uku, lokaci. Shirin kaka mai kyau mako shida yake ci. Makonni biyun farko na gina ƙarfin jiki ne, sauran huɗun a buga wasannin sada zumunta huɗu zuwa shida, ana ƙara wa manyan 'yan wasa mintuna a hankali: 45, sai 60, sai 75, sannan cikakkun 90 a wasan ƙarshe. Kada ka damu da sakamakon waɗannan wasanni ko kaɗan, an ci ko an sha. Ka duba ko mutum goma sha ɗayan da suka fara wasan sada zumunta na ƙarshe su ne suka fara wasan gasa na farko. In koci ya zo bayan an dawo daga sansanin atisaye, ko rabin 'yan wasan waje sun sauka a makon ƙarshe na kasuwa, ka shirya ganin ciwon tsokar bayan cinya a wata na farko. Wanda bai yi shirin kaka ba aka jefa shi minti 90 cikin zafin Satumba, abin da ke biyo baya ke nan, kuma irin wannan ciwo yakan ajiye mutum mako uku zuwa shida.

Wasa goma na farko

Bayan wasa na goma, duba maki. Daga 19 zuwa sama, ana kan hanyar hawa kai tsaye. Tsakanin 15 da 18, hanyar cike gurbi ce, kuma daidai ne da abin da na ce ku sa wa rai. Tsakanin 11 da 14, an makara amma ba a rufe ƙofa ba. Goma ko ƙasa, a daina kallon sama, a fara kallon ramin.

Dalilin da ya sa goma ke da nauyi lissafi ne kawai. Wanda ya tara 12 a wasa goma, in yana son 68 sai ya samo 56 a wasanni 24 da suka rage, wato nasara 18, canjaras 2, a doke shi sau 4 kacal. Ƙungiyar da ta ci uku ko huɗu cikin goma da wuya ta wayi gari tana cin uku cikin kowane huɗu. Amma 56 na cike gurbi yana hannunta: maki 44 take nema, nasara 13 da canjaras 5. Ka ga bambancin buri biyun. Mai burin na ɗaya ko na biyu zai yanke ƙauna tun kafin kasuwar Janairu, mai burin shida na sama yana da abin bi har watan Mayu.

Maki kaɗai yakan yi ƙarya a ɗan gajeren zango, don haka nake haɗa shi da abu huɗu da kowa zai iya ƙirgawa da biro da takarda yana kallo. Na farko, harbi daga cikin da'irar gola, naku da nasu. Harbin nesa ba na sa shi, riƙe ƙwallo ma haka. Ƙungiyar da za ta hau ya kamata ta riƙa ninka abokiyar karawarta a wannan idan tana gida. Na biyu, a duk kwanar da aka buga, wa ya fara taɓa ƙwallo, naku ko nasu. Na uku, duk lokacin da kuka rasa ƙwallo a gaba, ƙirga jajayen riguna nawa ne a bayanta, ban da gola. Ƙasa da uku haɗari ne, ko ba a ci ku a ranar ba. Na huɗu, ƙwallayen da aka zura muku bayan minti na 75. In sun yi yawa, ko shirin kaka bai yi kyau ba, ko benci babu kowa, tunda canji biyar ake yi yanzu, mai benci mai kyau shi ke da mintuna ashirin na ƙarshe. Gaba ɗaya kuma, mai neman hawa kada a zura masa fiye da ƙwallo ɗaya a wasa in an raba: goma a wasa goma shi ne iyaka.

In maki ya yi ƙasa amma waɗannan huɗun suna da kyau, a yi haƙuri, sakamako zai biyo. In maki na da kyau amma gola ne gwarzon kowane wasa, kada a yi saurin murna.

Korar koci, da rawar da kuke takawa

Gasar Saudiyya ba ta da haƙuri da masu horarwa, bara ma Al-Wahda ta sauya koci a tsakiyar kaka kuma hakan bai hana faɗuwa ba. Kora tana da farashi uku: kuɗin sallama, sabon kocin da zai zo ya ce 'yan wasan nan ba irin nasa ba ne, da makonnin da za a ɓata ana koyon sabon salo alhali ana buga gasa. Ban ce kada a taɓa yi ba, misalin Mosimane yana nan. Amma dalilin da nake karɓa kafin wasa na goma ɗaya ne, shi ne a ga 'yan wasa sun daina gudu don juna: an ƙwace ƙwallo, mutum ya tsaya ya ɗaga hannu yana kallon abokinsa. In an kai nan magana ta ƙare. In kuwa suna gudu, tsari ne bai zauna ba, canza koci mayar da agogo baya ne.

Ku kuma abin da za ku nema daga shugabanni ya zama wanda za a iya aunawa. Su fito su faɗi burin kakar da bakinsu. Su kammala sayen 'yan wasa kafin sansani ya watse. Kuma a ga yaran gida biyu ko uku suna samun mintuna na gaske, ba minti biyar na ƙarshe ba. Makka ba ta rasa yara ba. Usama Hawsawi, wanda ya ɗaura wa Saudiyya kambun kyaftin a gasar cin kofin duniya ta 2018, daga wannan ƙungiya ya fito, kuma unguwannin da irinsa ke tasowa ku kuka fi kowa saninsu. Yelo ce wurin da za a gwada ɗan shekara 19 ba tare da an haɗa shi da manyan taurarin Roshn a makon farko ba. Sai dai yaro ba ya girma in duk kuskurensa sai an yi masa ihu daga kan kujeru, ko a kwana ana yawo da bidiyonsa a WhatsApp. Maki 39 ɗin gida da na lissafa a filin Shara'i za a same su, kuma filin da babu kowa, baƙo ya fi jin daɗinsa.

Wannan ma'auni nawa yana da iyaka. Daga kan kujera ko gaban talabijin ba a ganin abin da ke faruwa a ɗakin canza kaya, kuma ciwon mutum ɗaya, in gola ne ko ɗan tsakiyar da ke riƙe da ƙungiya, yana iya rushe lissafin wata biyu. Cike gurbi kuma wasan kifa-ɗaya-ƙwala ne, jan kati ɗaya ko fenariti ɗaya ya isa ya mayar da ta uku gida ya wuce da ta shida.

Akwai zango biyu a gaba da za su iya gyara ko ɓata abin da wasa goma suka nuna. Na farko kasuwar Janairu. Ƙungiyar da ke kan hanya mutum biyu ko uku take ƙarawa, a wuraren da takardarka ta riga ta nuna maka akwai ɓaraka, kuma aron ɗan wasan da ke zaman benci a Roshn yakan fi sayen baƙon da zai ɗauki wata guda yana sabawa da gari. In ka ga an shigo da shida ko bakwai a Janairu, shugabanni ne ke faɗa maka da kansu cewa sayayyar farkon kaka ba ta yi ba. Na biyu azumi, wanda zai kama wajen 18 ga Fabrairun 2026 zuwa bayan tsakiyar Maris. Atisaye da wasanni suna komawa dare bayan tarawihi, barci da cin abinci suna juyewa, kuma ya faɗo daidai lokacin da tebur ke rabuwa. A makonnin nan huɗu ka riƙa duba jerin 'yan benci kafin na masu farawa: in akwai mutum biyar da koci zai iya sakawa ba tare da wasan ya faɗi ba, za ku fita daga azumi kuna cikin shida na sama.